Akwatin Fim Mai Yagaggiyar Leda

Hoton mace ne a jikin kwali, ta jingina da taga ta ba mai kallo baya. A kansa idona ya fara sauka ranar da na shiga ɗakin da tsintsiya, kwanana uku da fara aiki a gidan. Ba na kyamara ba ne, zane ne, ruwan toka da shuɗi, sai ɗan ja a bakin mayafinta. A ƙasa an rubuta wata lamba da hannu, da tawada mai ruwan azurfa. Na tsaya har na manta abin da ya kawo ni, sai da Hajiya ta ɗaga murya daga falo tana tambaya ko aljanun ɗakin ne suka riƙe ni.

Gidan yana Madina, unguwar Harra ta Yamma, a wani layi da baƙin dutse ke leƙowa ta ƙarƙashin kowace katanga. Hajiya tsohuwa ce da gwiwoyi suka ƙi, ni kuma daga Kano aka ɗauko ni in kula da ita: wanka, magani, girki, da hira, wadda ta fi duk sauran buƙata. Iyayenta da ƙafa suka zo hajji ta Sudan ba su koma ba, ita a Madina aka haife ta. Hausarta irin ta kakata ce, sai dai an barbaɗa mata Larabci. 'Ya'yanta mata sun yi aure sun watse, saura namijin, wanda ke aiki a matatar mai a Yanbu, can bakin teku, ya zo Alhamis da yamma ya koma Asabar. Ya haura arba'in bai yi aure ba. Yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake amsawa, don haka duk maganarsa da zan kawo a nan ni na mayar da ita Hausa. Ustaz nake ce masa, kamar yadda na ji mai kantin layin yana kiransa.

Ɗakin nasa ne, amma babu gado a ciki. Kantoci ne daga ƙasa har rufi, an jera akwatunan kwali masu kauri, kowanne a cikin ledar da ya zo da ita, ba a ɓare ba. Na'urar sanyaya ɗakin ba a kashe ta, labule kuma ba a ɗaga shi. Sannu a hankali na gane mene ne. Tsofaffin fina-finai ne na ƙasashen waje, waɗanda 'yan wasansu suka mutu tun kafin a haifi Ustaz. Wasu ƙananan kamfanoni ne a can suke tono su, su wanke hoton, su gyara muryar, su zuba a faifai, su haɗa da ɗan littafi da katunan hoto, su buga kaɗan, kowanne da lambarsa. In sun ƙare shi ke nan, ba a sakewa. Ustaz yakan yi odar abu tun bai fito ba. Kuma ba ya kai su Yanbu, don danshin teku yana kumbura kwali. Iskar Madina busasshiya ce, shi ya sa gidan uwarsa ya zama rumbu.

"Kwanukan jerensa ne," in ji Hajiya. "Ni da na yi nawa jeren, ko ba komai ranar suna ana sauke wasu a zuba tuwo. Nasa ko ranar Idi ba a taɓawa."

Tun da ni ce mai buɗe ƙofa, ni ce mai karɓar saƙo. Duk ranar da aka kawo sabon kwali, kafin in rufe ƙofa wayata ta fara ƙara. Ustaz ne daga Yanbu, yana so in kunna kyamara in nuna masa.

"Juya shi. A hankali. Kusurwar hagu, matso da ita haske."

In ya ga ba ta lotsa ba sai ya sauke numfashi ya ce, "Allah ya saka miki, hannunki yana da albarka." Ni kuwa in ajiye wayar in wuce gaban madubi.

Dole in faɗi irin karatun da na yi, in ba haka ba za a ɗauka hauka ce tsagwaronta. A aji uku na sakandare na tsaya. Sauran ilimina a littattafan soyayya na same shi, irin na haya, waɗanda wani mai tebur a bakin layinmu yake bayarwa kwana bibbiyu. Na karanta su ina budurwa, na karanta su a ɗakin aure, da auren ya mutu na dawo gida na ɗora daga inda na tsaya. A cikinsu mai hali mai shiru-shiru ba ya zama haka a banza. Wata yake jira, kuma yawanci tana nan cikin gidansa tana shara bai lura ba.

A unguwarmu kuma littafi ba karatu kawai ake yi da shi ba, shi ne gidan wayarmu. Saurayi ya ara miki littafi, ki karanta, ki sa takarda a tsakiya ki mayar. Shi kuma abin da zai fara yi, tun ba ki sha kwana ba, shi ne ya kama littafin ta ƙeya ya girgiza. Kowa haka yake yi. Mai teburin hayar ma ba ya mayar da littafi kan tebur sai ya girgiza shi, ta haka ya san asirin rabin unguwa. Har na bar Kano ban taɓa ganin an mayar wa mutum abin da ya bayar aro bai buɗe ya duba cikinsa ba.

Akwatin mai matar taga shi kaɗai ne a ɗakin da ledarsa ta yage. A hanya ta yage, tun kafin zuwana, kuma Hajiya ta ce sai da Ustaz ya kwana biyu bai ci abincin kirki ba. Wata Juma'a bayan la'asar ina tura kekenta muka wuce ta ƙofar ɗakin, Ustaz yana ciki yana goge kanta, ta ga inda idona ya tafi.

"Kai," ta ce masa, "ba yarinyar nan wancan ta gani. Kullum sai ta tsaya tana kallonsa kamar ta ga dangi."

"Yumma, ba abin wasa ba ne," ya ce, don haka suke kiran uwa da Larabcinsu.

"To abin mene ne? Abin kuka? Ido yana cin kwali ne? Ka ba ta, ni ma in ga abin da ya hana ni goyon jika daga wajenka."

Ya daɗe a tsaye kafin ya sauko da shi. Ya sa na wanke hannu da sabulu na tsane shi sosai. Sannan ya tsaya kusa da ni, kusancin da bai taɓa yi ba, ya nuna min yadda ake zaro faifan: ba a kama shi ta fuska, sai ta gefe, da yatsa ɗaya a cikin ramin. Littafin kuma ba a wangale shi, kada ƙeyarsa ta karye. Ya haɗa wani inji na musamman da talabijin ɗin falo, don faifan ƙasar can ba kowane inji ke karɓarsa ba. Ya ce mako ɗaya. Ina jin ƙamshin turarensa, ina ganin yadda ya jinkirta sakin akwatin lokacin da ya miƙo min shi. Yanzu na san abin da ya sa ya jinkirta. A lokacin wata fassarar na ba shi.

Fim ɗin baƙi da fari ne, yaren ba ma ji, rubutun ƙasa kuma Turanci ne mai gudu. Wata mace ce mai ɗinki a saman bene, da wani mutum mai gyaran fitilun titi da yake wucewa da tsani ta ƙarƙashin tagarta. Iyakar abin da na gane ke nan. Sauran daga kaina na cika.

"Me ya ce mata?" in ji Hajiya.

"Ya ce tun da ya gan ta abinci ya daina yi masa daɗi."

"Wannan ƙaton? Dubi wuyansa. Ƙarya yake yi. Ita kuma me ya hana ta magana?"

"Kunya ce, Hajiya."

"Kunya ko yunwa? Tun da aka fara ban ga an ɗora tukunya a gidan nan ba."

Sau uku muka kalle shi a makon, kowane kallo da labarin da na ba shi. Hajiya ta ce jiya ba haka ya faɗa ba, na ce yau ya sake tunani, ta yi dariya har da tari. Ban tuna wani mako a Madina da ya kai wannan daɗi ba.

Ranar Laraba da hantsi, Hajiya tana gyangyaɗi, na yagi takarda na rubuta wa Ustaz wasiƙa. Sau uku ina yi ina yagawa. Ban sa kalmar so ba, don ko a littattafan mace ta gari ba ta fara furta ta. Na ce na gane abin da ya tsayar da matar nan a bakin taga, don ni ma ina da tagar da nake tsayawa duk Alhamis da yamma. Na ce in yana da magana ya yi wa Hajiya, in ba shi da ita ya yaga takardar, ba zan sake ɗaga ido in dube shi ba. Da manyan baƙaƙen boko na rubuta, don na san yana karanta Turanci, in ya bi a hankali zai ji Hausar a bakinsa. Na so in ɗiga mata turare, na tuna da sabulun, na fasa. Na ninke ta biyu na sa a tsakiyar ɗan littafin, na mayar da komai yadda yake.

Da Ustaz ya zo ya karɓa da hannu biyu. Ya je bakin taga ya ɗan ɗaga labule, ya duba kusurwa huɗu, ya duba ƙasa, ya zaro faifan ya karkata shi ga haske. Littafin kuwa ƙeyarsa kawai ya shafa da babban yatsa. Ya ce Alhamdu lillahi. Sai ya fito da wata sabuwar leda mai kauri da ya taho da ita, ya zura akwatin, ya ninke bakin, ya manne da salatif, ya ɗora a kanta ta sama.

Ban damu ba. Na ce mai tarbiyya ba zai girgiza littafi a gaban uwarsa ba. Zai bari sai ya kaɗaita.

Na jira makon nan, na jira na gaba. Ya kawo kifi daga Yanbu, na ce saƙo ne. Ya wuce ni a tsakar gida bai ce komai ba, na ce nauyin magana ne. Na san ɗan ƙasa ba ya auren baƙuwa sai da izini mai ɗaukar lokaci, na ce takardun yake bi a ɓoye don ya zo min da abu kammalalle. Babu abin da zai yi ko ya ƙi yi da ban taɓa karanta shi a wani littafi ba. Wayar kuwa ba ta fasa ba: juya shi, a hankali, kusurwar hagu.

Akwai wani mutumin Maraɗi da ke aiki a gonar dabino a Jurf, can gefen Madina, yana kawo wa Hajiya na'ana da dabino duk Talata. Matarsa ta rasu, hannuwansa duk faso, ba shi da yawan magana. Kwantiraginsa ya kusa ƙarewa, ya gina ɗaki biyu a gida. Da yake ba ni da kowa a garin, Hajiya ya samu da maganar.

"Mai na'ana ya yi magana a kanki," ta ce min ina matsa mata ƙafa. "Mutum ne, 'yar nan. Na lura da yadda yake ajiye kwando, ba ya jefarwa."

"Hajiya, ban shirya ba."

"Shirin me? In lalle ne ni zan sa miki."

Na ci gaba da matsa mata ƙafa. Ta daɗe tana kallona, sannan ta janye ƙafarta.

"In wani abu kike jira a gidan nan, ni na haifi abin, na san shi. Ba ya buɗe komai."

Ta faɗa min ƙarara, da Hausar da babu Larabci ko ɗaya a ciki. Ni kuwa na ce gwaji ne. A littattafan ai kullum uwa sai ta fara tirjewa.

Talatar da ta biyo baya shi da kansa ya tsaya a bakin ƙofa, idonsa a kan kwandon.

"Malama, jirgina bayan Idi ne. In da hali a gaya min, in san ko kujera ɗaya zan nema ko biyu."

"Allah ya haɗa kowa da rabonsa," na ce.

Ya ce amin. Ya ƙara damin na'ana ɗaya a kan wanda ya saba kawowa, ya tafi. Ban ji komai ba a ranar, sai ma wani alfahari, irin na wadda ta riƙe alkawari. Alkawarin da ba wanda ya ɗauka da ni.

A watan nan iƙamata, takardar zamana a ƙasar, ta zo ƙarewa. Ustaz ne kafilina, da sunansa nake zaune. Ya tambaye ni ko gida zan koma ko a sabunta.

"Yumma ta saba da ke," ya ce. "Kuma ba a taɓa samun mai karɓar saƙo kamarki ba."

Na ce a sabunta. Da ta sake ƙarewa na sake cewa a sabunta. Ƙanwata ta yi aure ban je ba, ta haihu ban je ba. Kowace safiya in shiga ɗakin nan mai sanyi in share, in ɗaga kai in ga gefen akwatin a kanta ta sama. Sau nawa na yi niyyar hawa kujera in duba, sai in fasa, don kada in ga takardar ba ta nan, alhali bai ce komai ba.

Hajiya ta rasu a shekarata ta huɗu a gidan, aka kai ta maƙabartar Baƙi'a. Bayan zaman makoki 'yan'uwansa mata suka ce a sayar da gidan. Ustaz ya kama wani ɗaki a Yanbu ya sa masa injin tsotse danshi, ya zo da katan-katan da ledar nan mai ƙuraje ta naɗe kaya. Kwana uku muna aikin, shi yana saukowa da su, ni ina naɗewa, don ya ce bai yarda da hannun kowa ba sai nawa. A rana ta uku ya miƙo min akwatin mai matar taga. Salatif ɗin ya yi rawaya, ƙura ta kama gefensa.

"Ustaz, ka sake kallon wannan kuwa?"

"Wannan? Ai ban taɓa kallonsa a faifai ba. A waya na kalla, tuntuni. Tun ranar da kika dawo da shi ban buɗe ba. Duk buɗewa tana rage shi."

"Littafin ciki fa?"

"Akwai hotunan shafukansa a intanet. Naɗe shi biyu, don Allah."

Na naɗe shi biyu. 'Yan'uwansa suna ɗaki na kusa suna rabon zannuwan Hajiya, ina jin muryoyinsu. Da na ce masa ya buɗe, da ya buɗe a gabansu, ko ma ya ƙi. Da na ce a ba ni in cire wani abu nawa, da ya tambaye ni abin da ya kai abina cikin littafinsa, kuma na san ba wasiƙar ce za ta fara damunsa ba, shatin da ta yi a takarda ne. Na sa akwatin a katan na rufe da hannuna. Shekara uku da wani abu ina tsoron a ƙi ni. Ashe ko ƙin ban samu ba.

Aka mayar da iƙamata wani gida a Jurf, inda nake kula da wata tsohuwar har yau. Gonar dabinon ba ta da nisa da mu. Na ji a bakin ma'aikatan cewa mutumin Maraɗi ya yi aure tun shekarar da ya koma, 'ya'yansa uku. Ina karanta littattafan har yanzu, a waya, amma da na zo inda mai gida ya fara lura da 'yar aiki sai in tsallake.

Lambar Ustaz ban goge ta ba, don haka abin da yake ɗorawa yana zuwa min. Yana Yanbu, ya bar matatar, bai yi aure ba. Yanzu bidiyo yake yi don masu tara irin kayansa. Ba ya nuna fuska, sai hannuwa a cikin farar safa da muryarsa, wadda ta ɗan dushe. Yana ɗauko akwati ya juya, ya faɗi kamfanin da lambar, ya mayar. Kwanakin baya ina tsince shinkafa na buɗe wani, sai ga matar taga.

"Wannan shi ne ciwon zuciyata," ya ce. "Ledarsa a hanya ta yage. Kuma sau ɗaya ya taɓa barin hannuna. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta tilasta ni na ara wa shaggala." Haka suke kiran 'yar aiki. "Mako guda hankalina ba ya jikina. Amma Allah ya tsare, ku duba."

Ya matso da kusurwar hagu kusa da kyamara, ya juya ta dama. Salatif ɗin yana nan, ya koma ruwan ƙasa. Ya shafa ledar da safarsa, ya mayar da akwatin kanta, ya ɗauko na gaba.